KUƊIN GARI DA MOTAR TALAKA: LABARIN BIRNIN GUANGZHOU

Jama'ar Zango, yau shekara ashirin da ɗoriya ke nan 'ya'yanmu da ƙannenmu suna zuwa fatauci birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Da wuya mutum ya shiga shago a Kumasi ko a Ankara bai ga kayan da aka ɗauro daga can ba, ko waya, ko takalma, ko yadi. In sun komo su kan ba mu labarin jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, da fitilun titi, da sharar da a ke kwashewa tun gari bai waye ba. Mu kan yi ta mamaki, mu ce lalle mutanen nan sun yi dacen Gwamnati. Sa'an nan mu tashi mu tsallake kwatar ƙofar gidanmu mu wuce.

To, mun bi tarihin birnin nan, mun tarar abubuwan nan ba daga sama su ka faɗo ba. Kowanne da kuɗi aka yi shi, kuma an sha jayayya a kan kuɗin, watau daga aljihun wa za su fito, wa kuma zai ci moriyarsu. Shi ne mu ka ga ya kamata mu kawo muku labarin, gama akwai abin da ya shafe mu a ciki.

ZANGON FARKO

Guangzhou tsohuwar tashar jiragen ruwa ce a kudancin Sin. Larabawan da su kan kira ta Khanfu, Turawa kuwa Kanton. Tun zamanin sarakunan Tang, fiye da shekara dubu da ta wuce, fataken Larabawa da na Farisa su ke sauka a nan. Aka ware musu unguwa a yammacin gari, bayan ganuwa, aka naɗa musu shugaba daga cikinsu. Wani littafin Larabci da aka rubuta a 851 ya ce Sarkin Sin ne ke naɗa Musulmi guda ya riƙa yi wa 'yan'uwansa shari'a, shi ke kuma jan su sallar Idi. Ashe ba mu aka fara yi wa Sarkin Zango ba. Masallacinsu mai suna Huaisheng yana nan har yau da doguwar hasumiyarsa.

Littafin nan ya ce in jirgi ya iso, ma'aikatan Sarki su kan tsare kayan a rumbu har sauran jirage su iso, kana su ɗebi kashi uku cikin goma. Kun ji irin abin da baitulmali ke samu daga baƙi. Duk da haka unguwarsu ta daɗe a waje. A wajen 879 wani ɗan tawaye mai suna Huang Chao ya ci garin, ya karkashe dubban fatake baƙi. Sai a ƙarni na 11 aka ƙara ganuwa ta yamma, unguwar ta shigo cikin gari. Mu da kakanninmu su ka sauka a gefen garuruwan Asante da na Ga, su ka biya abin da aka aza musu, amma famfo da titi su ka zo mana daga ƙarshe, wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu.

RUSHE GANUWA

A 1918 hukumar gari ta fara rushe ganuwar nan don a shimfiɗa manyan tituna a gurbinta. Ran 15 ga Fabrairu 1921 aka kafa Majalisar Birni irin ta zamani, ita ce ta farko a duk ƙasar Sin. Aka ba Sun Fo shugabancinta, ɗan Dokta Sun Yat-sen, wanda ya yi karatu a Amurka. Aka raba aikin gida shida: kuɗi, da ayyuka, da tsaro, da lafiya, da ilmi, da kuma sha'anin ruwa da wuta da sufuri.

Tsarin ya yi kyau a takarda, amma lokacin yaƙi ne. Dokta Sun yana da rundunoni a garin, su kuwa sojoji ba su san haƙuri da yunwa ba. A 1923 aka shiga yin gwanjon gidajen ibada da filayen jama'a, aka yi ta ƙirƙiro haraji iri iri, kuɗin kuwa da yawansu bakin sojoji su ka tafi. 'Yan kasuwa su ka fusata, su ka ɗauki 'yan tsaro nasu na kansu, har su ka sayo bindigogi daga waje. Gwamnati ta kama bindigogin, 'yan kasuwa su ka rufe shaguna. A tsakiyar Oktoba 1924 aka gwabza, aka ci 'yan kasuwa, wuta ta cinye babban yanki na Xiguan, unguwar ciniki. Wannan ita ce rigimar farko a kan kuɗin birni, kuma da jini ta ƙare, domin mai biya ba shi da wata ƙofa da zai shiga ya ce a nuna masa lissafi.

Bayan wannan aiki ya ci gaba sannu sannu. A 1933 aka gama gadar Haizhu, ta farko da ta haɗa ƙetaren kogi da cikin gari. Sojojin da ke gudu su ka fasa ta a Oktoba 1949, aka sake gyara ta. A 1957 aka fara babbar kasuwar baje koli wadda har yau a ke ci sau biyu a shekara, a 1960 kuma aka sa bas mai tafiya da wayar lantarki. Amma yawancin talakawa keke ne abin hawansu, sai kwalekwalen fito.

JIRGIN ƘARƘASHIN ƘASA

Da aka buɗe ƙofar ciniki bayan 1978, mutanen ƙauye su ka yi ta kwararowa neman aiki. Titi ya cushe, babura su ka cika gari. A ƙarshen 1993 aka fara haƙa hanyar jirgi a ƙarƙashin ƙasa. Aka buɗe wani yanki a 1997, aka gama layin farko duka a 1999, tsawonsa kilomita 18 da rabi, tashoshi 16. Ya ci fiye da yuan miliyan dubu 12.

Ina aka sami wannan kuɗi? Kuɗin tikiti ba ya gina irin wannan hanya, ko a Sin ko a wani wuri. An ci bashi, har da na Jamus, inda aka sayo taragun. Babbar rijiyar kuwa ita ce ƙasa. A Sin filin birni na Gwamnati ne, ita ke sayar wa magina izinin yin amfani da shi na wasu shekaru. Duk inda jirgi ya bi sai fili ya yi tsada, Majalisa ta sayar, ta sami abin haƙa wani layin. Da haka hanyar ta yi ta tsawo har yau ta wuce kilomita 600. Ku riƙe wannan magana ta fili, za mu komo kanta.

Ran 1 ga Janairu 2007 aka hana babur shiga tsakiyar birni, saboda haɗari da masu fizgen jaka. Titi ya yi sauƙi, amma dubban 'yan acaba, yawancinsu baƙi daga ƙauye, su ka rasa abin yi. Waɗanda ke da dangi a Kano sun tuna an yi haka can a farkon 2013.

RANAR DA AKA BUƊE LITTAFI

Mutanen Guangzhou ba su ne ke zaɓen shugaban birninsu da ƙuri'a ba, kuma jam'iyya ɗaya ce ke mulki. Amma akwai wata 'yar ƙofa da aka buɗe musu. Tun farkon 2003 birnin ya yi dokar da ta ba mutum damar neman a nuna masa takardun hukuma, shi ne ya riga sauran biranen ƙasar. Ran 1 ga Mayu 2008 aka yi irinta ga ƙasa baki ɗaya.

Sai wasu mutane 'yan sa kai a birnin Shenzhen su ka ce bari su gwada dokar. Su ka riƙa rubuta wa hukumomi takarda, cikin ladabi, suna neman kasafin kuɗi. Birnin Shanghai ya amsa ya ce wannan asirin Gwamnati ne. Guangzhou kuwa, a Oktoba 2009, sai ofishin kuɗinta ya ɗauki kasafin ma'aikatu 114 ya zuba a intanet, kowa ya gani. Ba a taɓa yin haka a wani babban birni na Sin ba. Mutane su ka yi caa a kan shafin har ya kasa ɗauka.

Da aka zauna aka karanta, sai ga wani abu ya fito fili. Akwai makarantun renon yara guda tara na 'ya'yan ma'aikatan Gwamnati, an ware musu wajen yuan miliyan 60 a shekara, alhali talaka shi ke biya wa ɗansa daga aljihunsa. Ba sata ba ce, a rubuce ta ke, shekara da shekaru a na yi. Rashin gani ne ya sa ba a yi magana ba. Jaridu su ka ɗauka, kowace shekara in an fito da kasafi sai an tayar da zancen. Daga 2013 aka fara raba yawancin guraben irin waɗannan makarantu ta hanyar ƙuri'a, ɗan kowa ya gwada sa'arsa. Shekara huɗu a na abu ɗaya kafin a kai nan.

A Nuwamba na 2009 ɗin kuma mutanen Panyu, a kudancin birnin, su ka taru a ƙofar Majalisa don an ce za a gina musu babbar ma'aikatar ƙona shara kusa da gidajensu ba tare da an shawarce su ba. Kafin shekara ta fita aka dakatar da aikin.

MAKO GUDA NA KYAUTA

A Fabrairu 2010 aka buɗe hanyar bas ta musamman a tsakiyar titin Zhongshan, kilomita 22 da rabi, tashoshi 26, ba motar da ke shiga sai bas. Lokacin da a ke gininta masu motoci sun yi ta ƙorafi an ƙwace musu titi. Da ta fara aiki sai ga ta tana ɗaukar mutum wajen dubu 800 a yini, kuɗin shiga yuan 2.

A Nuwamba na wannan shekara birnin ya karɓi baƙuncin wasannin ƙasashen Asiya. An daɗe a na tone tituna a na damun mutane da ƙura, saboda haka Majalisa ta ce za ta yi musu tukwici: daga 1 ga wata, bas da jirgi kyauta har kwana talatin na aiki. Jama'a, ranar da aka fara sai gari ya tashi. Mai zuwa aiki ya fito, mai zuwa gaida suruka ya fito, wanda ba shi da wurin zuwa ma ya fito ya sha iska. Masu shiga jirgi su ka kusa miliyan 8 a yini, wajen ninki biyu na yadda aka saba. Layi ya fito daga cikin rami har bakin titi, ma'aikaci ya kasa isa wurin aikinsa, aka ji tsoron kada a tattake wani. Ran 8 ga wata aka soke kyautar. A maimakonta aka ce kowane gida da ke cikin rajistar birni, da gidan baƙon da ya wuce wata shida a garin, a ba shi yuan 150.

Abu biyu mu ka gani a nan. Na ɗaya, araha ba ta ado. Kuɗin tikiti, ko da kaɗan ne, shi ke tsare wa mai uzuri wurin zama, kuma abin da aka ce kyauta ne daga baitulmali a ke biyansa, watau daga aljihun mutanen da aka yi wa kyautar. Na biyu shi ya fi taɓa mu. A cikin makon nan ƙofar jirgi ba ta tambayi kowa takarda ba, ɗan gari da ɗan ƙauye da baƙin fatake duk ɗaya. Da kyautar ta koma tsabar kuɗi, sai wanda sunansa ke cikin littafi.

YARO DA ALLO

A Mayu 2011 kamfanin jirgin ya shiga sabunta tashoshin layin farko, aikin da zai ci fiye da yuan miliyan 90. Wani ɗan makaranta mai shekara 16 ya ga tashoshin nan lafiyarsu lau. Ya rubuta allo, in an tashi daga makaranta sai ya je bakin tasha ya tsaya da shi, yana roƙon masu wucewa su sa hannu. Bai zagi kowa ba, bai fasa kome ba. Jaridu su ka buga hotonsa. Kamfanin ya fito ya yi bayani, aka ce bai gamsar ba, ya sake fitowa, daga baya manyansa su ka zauna da yaron, aka rage aikin. A cikin shekarar nan kuma, da aka ji za a kashe yuan miliyan 150 wajen ƙawata bakin kogi da fitilu, wani saurayi ya aske kansa ƙwal don nuna ƙin yarda, wata budurwa kuma ta yi ta zarya ofis tana neman a nuna mata takardar binciken da aka yi kafin a yanke shawara.

Kada mu ruɗe ku, mu ce daga nan kome ya gyaru. Jaridun Guangzhou da su ka riƙa ɗaukar irin wannan labari an ƙara matse su tun daga 2013, kuma tsayawa da allo a bakin titi ya fi da haɗari. Amma abu ɗaya ya zauna. A 2014 aka gyara dokar kasafi ta ƙasar Sin, ta fara aiki a farkon 2015, ta wajabta wa hukumomi su bayyana kasafinsu cikin kwana 20 bayan an amince da shi. Abin da Shanghai ta kira asiri a 2009 ya zama tilas.

Mun ce ku riƙe maganar fili. Daga 2021 cinikin gidaje ya faɗi a Sin, manyan kamfanonin gini su ka kasa biyan bashi, kuɗin da birane ke samu daga sayar da fili ya ragu. Jirgi kuwa kullum sai ya sha wuta, sai an biya ma'aikata. Shekara goma da ɗoriya mai katin shiga mota a Guangzhou ya saba in ya hau sau 15 a wata, sauran hawan a rage masa kashi 40 cikin ɗari. Ran 1 ga Satumba 2023 aka sauya. Yanzu sai abin da ya kashe a wata ya kai yuan 80 kafin a rage masa kashi 20, in ya wuce 200 a rage masa rabi. Mai tafiya mai nisa ya samu, mai gajeren zango kullum ya ji a jikinsa. An yi gunaguni, amma wannan karon dokar ta zauna.

BAƘO FA?

Ƙidayar 2020 ta sami mutum fiye da miliyan 18 da rabi a Guangzhou, kusan rabinsu kuwa ba su da rajistar zama 'yan gari, wadda a ke kira hukou. Su ke ɗinki a masaƙu, su ke dako, su ke gini, amma sa ɗa a makarantar Gwamnati ya kan yi musu wuya. In haka ɗan ƙasa ya ke, ina ga namu?

Mutanenmu sun fara taruwa can tun ƙarshen shekarun 1990, a unguwar Xiaobei da ta Sanyuanli. Kowacce tana da tashar jirgi, su ma suna hawa kamar kowa. Suna biyan haya, suna sayen kaya na miliyoyi, amma zamansu a kan biza ya ke, ba su da bakin tambayar kasafi. A Afrilu 2020, lokacin annobar korona, aka fitar da baƙaƙen fata da yawa daga gidajen haya da masaukai, wasu su ka kwana a titi, har Gana da Nijeriya su ka kira jakadun Sin su ka nuna ɓacin ransu. Dattawanmu da su ka ga Nuwamba 1969, sa'ad da Gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su bar ƙasa, ba su bukatar a fassara musu wannan.

MU KUMA FA?

Ɗanmu da ke Xiaobei baƙo ne na gaskiya. Mu nan kuwa an haifi kakanninmu a Zango, a nan aka binne su. Muna biyan lampo, muna yankar tikitin kasuwa kowace safiya, muna biyan kuɗin shago da na bola. Muna da ƙuri'a, muna da wakili a Majalisar Gari. Tsarin mulkin 1992 ya ce a ware wa majalisun gundumomi abin da bai gaza kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa ba. Dokar mulkin gundumomi ta 2016 ta ba mazauna gari damar sa baki a kasafi. A 2017 aka yi dokar Asusun Raya Zango, a 2019 kuma aka yi dokar da ta ba kowa ikon neman takardun hukuma. Ƙofar da mutanen Guangzhou su ka samu 'yar ƙarama ce a kan tamu.

To, mu tambayi kanmu tsakani da Allah. A cikinmu wa ya taɓa ganin kasafin Majalisar Garinsa da idonsa? Wa ya san nawa aka rubuta don kwatar unguwarmu bara, nawa aka kashe? A 2016 aka kawo bas ɗin Aayalolo a Ankara, aka ce za ta yi irin aikin ta titin Zhongshan. Ba a ware mata hanya tata ba sai a 'yan wurare, a 2018 ta tsaya cik don rashin kuɗi, mutane su ka koma trotro. Mun yi tsaki a majalisar shayi, amma mu nawa ne mu ka ɗauki alƙalami?

Mun san abin da ke hana mu. Tun 1969 iyayenmu su ka koya mana mu yi nesa da ofis, kada a tambaye mu asalinmu. Tsoron nan yana da dalili a zamaninsa. Amma muddin mu na ɗaukar kanmu baƙi, haka mai rabon kuɗi zai ɗauke mu, sai lokacin zaɓe a kawo mana buhun shinkafa da sukari na azumi, mu yi godiya.

Shawararmu ita ce, kowane Zango ya zaɓi mutum uku ko huɗu masu karatu, a sa mace a ciki, gama mata su ne ke yankar tikitin kasuwa, su ne ke bin layin famfo. Su rubuta takarda da sunan unguwa, Sarkin Zango da Liman su sa hannu, a nemi kasafin bana da lissafin abin da aka kashe bara. In an samu, a fassara shi da Hausa, a karanta a bainar jama'a, mu kuma za mu buga shi a wannan takarda. In an hana, a sake rubutawa, a ajiye kwafi da kwanan wata. A kuma riƙa zuwa zaman da a ke yanka kuɗin tikiti da na shago, a zauna a gaba. Matambayi ba ya ɓata.

Wanda ya ke da ɗa ko ƙane a Guangzhou, in ya komo a tambaye shi nawa ya ke biya daga Xiaobei zuwa kasuwa, a gwada da abin da mu ke biya a trotro, a kawo mana mu buga a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.